Mage da Ganyen Katnif: Maye Ne, Ko Maganin Sauro?



Yau zancen mage za mu yi. Kyanwa, mussa, kuliya, duk dai yadda ake kiran ta a garinku. Na san wani zai ce ga tsadar abinci ga rashin wuta, a rasa abin da za a cinye lokacin rediyo a kansa sai mage. A ɗan yi mini haƙuri. Zancen zai biyo ta ƙofar gidan kowa, domin kafin mu tashi sai ya faɗa kan sauro, shi kuwa sauro babu wanda bai san kukansa a kunne ba.

Masu manyan wayoyi a cikinku wataƙila kun taɓa cin karo da irin bidiyon nan a TikTok ko Facebook. Baturiya za ta buɗe wata 'yar jaka, ta barbaɗa garin busasshen ganye a tsakar ɗaki. Mage tana can gefe a kwance, irin zaman isar nan da aka san ta da shi, ko kallo mutane ba su ishe ta ba. Sai ka ga hancinta ya motsa. Ta taso ta sansana, ta lasa, ta ɗan tauna, ta tsaya ta girgiza kai. Daga nan sai ta dangwara haɓa a wurin ta shiga gogawa, kuncin dama, kuncin hagu, ta zube, ta juya rigingine ƙafafu huɗu a sama, tana birgima tana shure-shure, wata har da dalalar miyau. Bayan kamar minti goma sai ta miƙe, ta kakkaɓe jiki, ta koma gefe tana lasar hannu kamar ba ita ba. Abin da mutanenmu kan faɗa idan sun gani kuwa bai wuce ɗaya ba: ta bugu, ta yi tatul, ashe har maguna sun shiga harkar ƙwaya.

Ni a ganina ƙazafi muka yi mata. Mun kalle ta da idon abin da ya addabe mu a unguwanni, su kodin da tiramol da sholisho, muka ɗauki laifin 'ya'yanmu muka jibga mata. Abin da ke faruwa a jikin magen nan ya fi haka ban sha'awa, kuma sai a 'yan shekarun nan aka gano bakin zarensa.

Ganyen dai Turawan Ingila suna kiran sa katnif. Ɗan dangin na'ana'a ne da ɗoɗɗoya, shi ya sa idan ka murza shi za ka ji ƙamshi mai ɗan yaji. Asalinsa Turai da yammaci da tsakiyar Asiya, daga baya Turawa suka ƙetara da shi Amurka, ya bazu a gefen hanyoyi da tsofaffin gonaki ya zama ciyawa. Tsayinsa ba ya wuce ƙugun mutum. Karansa mai kusurwa huɗu ne, ganyensa yana da zubin zuciya da baki mai tsaga-tsaga, ga ɗan gashi toka-toka, furensa fari ƙanana masu ɗigon shuɗi-ja. A jikin ganyen akwai wasu ƙananan ƙululu da ido ba ya gani sosai, cike da mai. Idan ganyen ya murzu ko ya karye sai su fashe, man ya tashi a iska. Mutanen Ingila sun daɗe suna dafa shi su sha kamar shayi, don samun barci da kwantar da ciki, tun kafin ganyen shayin ƙasar Sin ya cika musu kasuwa. Mutum dai ko ya shaƙa har gobe ba zai yi birgima ba.

A shekarar 1941 wani masanin haɗa sinadarai mai suna Samuel McElvain, a Jami'ar Wisconsin ta Amurka, ya tace man ganyen ya ware sinadarin da ke tayar wa mage da hankali. Shi ne ake kira nefetalakton. To an san mai laifi, amma ta wace ƙofa yake shiga? Nan aka daɗe ana kai-komo. Da yake mage tana lasa tana taunawa, an zaci ta ciki yake aiki. Aka ɗura sinadarin a ƙwanson magani aka ba maguna suka haɗiye, shiru kake ji. Wasu suka ce ai akwai wata 'yar kafa a ganɗar mage, wadda da ita muzuru yake ɗanɗana warin fitsarin mace, lokacin nan da za ka ga ya wangale baki ya yamutsa fuska. A 1985 Benjamin Hart da abokiyar aikinsa a Jami'ar Kalifoniya suka gwada, suka tarar ko babu wannan kafa mage tana birgimarta, amma da zarar an toshe hanyar jin ƙamshi ta hanci, magana ta ƙare. Ke nan ta hanci ne kawai. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Sannan ba kowace mage ba ce abin yake kamawa. A cikin uku, ɗaya za ta sansana ta wuce abinta. Jinjirayen maguna kuwa, waɗanda ba su kai wata uku ba, babu ruwansu, wasu ma gudun sa suke yi, sai sun tasa tukuna. Gado ne. Tun a 1962 wani mai bincike a Harvard, Neil Todd, ya bi zuriyar wasu maguna ya nuna cewa abin yana bin jini. Shi ya ɗauka ƙwayar gado guda ce take riƙe da shi, waɗanda suka zo bayansa suka ce a'a, sun fi ɗaya. Ko ma dai nawa ne, idan ka sayo ganyen da kuɗinka magenka ta yi maka kallon banza, kada ka ce an sayar maka da jabu. Tana iya yiwuwa haka aka haife ta.

Akwai kuma wata fassara da ta daɗe tana yawo, ita ma tana da ɗan dalili. Duk wanda ya taɓa kiwon mage mace ya san lokacin da take neman muzuru, takan yi ta birgima a ƙasa tana goga wuya tana kuka. Da aka ga kamannin, sai aka ce ganyen sha'awa yake tayarwa. Amma muzurai ma suna yi, waɗanda aka dandaƙe suna yi, matan da aka cire wa mahaifa suna yi, kuma babu wadda take ɗaga gindi ko ta nemi namiji a lokacin. Kama da wane dai ba ta wane.

Amsar da ta fi gamsar da ni daga Japan ta fito, kuma ta wani tsiro daban aka bi. A duwatsun Japan da Koriya da Sin da gabashin Rasha akwai wata itaciya mai yaɗo da Japanawa suke kira matatabi, 'yar uwar itacen kiwi. Idan lokacin furenta ya yi, ganyenta sukan yi fari kamar an watsa musu farar ƙasa. Japanawa sun san tasirinta a kan mage tun da daɗewa. Wani malaminsu, Kaibara Ekiken, ya rubuta labarin a 1704. Har zane akwai na shekarar 1859, inda aka nuna ɓeraye sun fita yaƙi da maguna, makaminsu matatabi. Kuma ta fi katnif kamu. A wani gwaji da Sebastiaan Bol da abokansa suka wallafa a 2017, a kan maguna 100, kusan 80 sun amsa wa matatabi, kuma cikin waɗanda suka yi biris da katnif, uku cikin huɗu matatabi ta kayar da su.

A Jami'ar Iwate da ke garin Morioka, arewacin Japan, Farfesa Masao Miyazaki da ɗalibarsa Reiko Uenoyama suka zauna wa ganyen matatabi na tsawon shekaru. Suka ware wani sinadari ɗan uwan na katnif, sunansa nefetalaktol. Suka ɗiga shi a 'yan takardu suka ajiye wa maguna 25 na ɗakin gwaji da 30 na kan titi, mafi yawansu suka zube suna birgima. Suka kai gidan namun daji, suka ba wata damisar Amur, da jaguwa biyu, da wasu manyan kyanwoyin daji biyu na ƙasashen sanyi. Su ma haka. Ka ƙiyasta damisa, wadda ko a keji idan ta zuba maka ido sai gabanka ya faɗi, ta rungume 'yar takarda tana goga fuska, ta zama kyanwar Lami, ba cizo ba yaƙushi. Aka miƙa wa karnuka da ɓeraye, ko a jikinsu.

Daga nan suka ɗebi jinin magunan kafin su shaƙa da kuma minti biyar bayan sun shaƙa. Suka ga wani sinadari da ake kira endofin ya ƙaru. Shi endofin jiki ne da kansa yake yin sa, a jikina da naka ma akwai, shi ne yake rage zafin ciwo ya kawo daɗin nan da mutum kan ji bayan ya yi gudu ko ya yi dariya ya ƙoshi. Domin su tabbatar, sai suka yi wa magunan allurar nalokson, maganin da likitoci suke farfaɗo da wanda ƙwaya irin su tiramol ko kodin ta sumar. Aikinsa toshe ƙofofin da waɗannan ƙwayoyi suke shiga a ƙwaƙwalwa. Magen da aka yi wa allurar sai ta zo ta sansana takardar, ta ƙi birgima. An wallafa wannan a watan Janairun 2021.

To a nan mai sauraro zai ce, Malam, ai ka kama kanka. Ƙofar da kodin yake bi ita ganyen nan yake bi, me ya raba su? Tambaya ce mai kyau, kuma bambancin ba ƙarami ba ne. Mai shan kodin daga waje yake kwararo wa jininsa abin da zai danne ƙofofin nan, gwargwadon yadda ya ɗura gwargwadon yadda za su cika, babu mai tsayar da shi sai aljihunsa ko ajalinsa. Gobe kwalba ɗaya ba za ta ishe shi ba. Ita mage, kun tuna mun ce ta hanci ne. Ƙamshi ne ya taɓa jijiyar hanci, jijiya ta aika saƙo, ƙwaƙwalwa ta saki nata endofin daidai yadda ta ga dama, sannan ta rufe famfo. Bayan minti biyar zuwa sha biyar an gama. Ko ka juye mata buhu guda a gaba, ba za ta sake kulawa ba sai an ɗauki lokaci, sau da yawa awa guda ko fiye. Ba ta rama, ba ta karkarwa idan babu, ba ta bin mai gida da kuka a ba ta. Mutanen Iwate ɗin sun sake bin magunan da suka daɗe suna mu'amala da matatabi, suka duba hanta da ƙoda da alamun damuwa a jini, a 2023 suka ba da rahoton cewa ba su ga lahani ko alamar kamu ba. Wane ɗan ƙwaya ne zai bar kwalba a buɗe ya tashi don kansa bayan minti goma?

Amma banza ba ta kai zomo kasuwa. Dabbar da take rayuwa da farauta, wadda ita ma ake farautar ta, me zai sa ta kwanta rigingine ta manta da duniya a kan ganyen da ba abinci ba? Nan ne gwajin da ya fi burge ni ya shigo, kuma ba ya bukatar wata babbar na'ura. Maimakon su ajiye takardar a ƙasa, sai suka manna ta a bangon keji, wani lokaci a rufinsa. Da a ce birgimar ta maye ce, ai ko ina ƙamshin ya fito mage za ta zube ne kawai. Sai ga shi ta miƙe tsaye a kan ƙafafun baya, tana miƙa wuya tana goga fuska a rufin keji, birgima kuwa babu. Ashe so take abin ya taɓa gashinta. Birgimar hanya ce ta shafe jiki da shi idan yana ƙasa.

Me za ta yi da shi a gashi? Suka kawo sauro, irin mai ɗigon fari da baƙi da ke yaɗa zazzaɓin dengi. Suka sa wa maguna maganin barci, wasu an shafa musu sinadarin a ka, wasu ba a shafa ba, suka sanya kawunansu a akwatin sauron suna ƙirga masu sauka. Waɗanda aka shafa wa, sauron da ya sauka musu bai wuce kusan rabin na sauran ba. Suka sake gwadawa da magunan da suka goga kansu da kansu a ganyen, sakamako bai canza ba. Kuma ku duba inda mage take fara gogawa: haɓa, kunci, goshi, gefen kunne. Wuraren da gashi ya yi ƙaranci ke nan, hanci da kunne da kewayen ido, inda sauro ya fi samun ta. Sauro kuwa ba ƙaiƙayi kawai yake bar mata ba, yana ɗauke da wata tsutsa da ke zama a zuciya da huhun karnuka da maguna.

Saura taunar. Mage ba ciyawa take ci ta rayu ba, kuma idan ka lura ba haɗiye ganyen take yi sosai ba, yayyaga shi take yi. A 2022 mutanen Iwate ɗin suka auna abin da ke tashi daga lafiyayyen ganye da wanda aka tattauna. Matatabi da aka yayyaga tana fitar da sinadaran ninki goma, katnif kuwa ninki ashirin. Masu lambu a Ingila sun lura da wannan ɗaruruwan shekaru da suka wuce ba tare da sun san dalili ba. Tun zamanin masanin tsirrai John Ray, a ƙarni na 17, ake cewa katnif ɗin da aka shuka da iri maguna ba su cika damun sa ba, amma wanda aka ciro aka dasa, kafin ya kama ƙasa sun murƙushe shi. Dashe dole ya murzu a hannu, ƙamshi ya tashi, labari ya kai ga magunan unguwa.

Shi tsiron fa ba don mage yake wannan wahala ba. Garkuwarsa ce daga ƙwari masu cin ganye. Thomas Eisner na Jami'ar Cornell ya nuna haka tun 1964, ya kusantar da sinadarin ga ƙwari iri-iri suka watse. A 2021 wasu masana a Amurka da Suwidin suka gano yadda abin yake: yana taɓa wata kafar jin raɗaɗi a jikin sauro da ƙuda, irin kafar da barkonon tsohuwa yake taɓawa a jikin mutum. A wurin sauro, magen da ta yi birgima a katnif tamkar titin da 'yan sanda suka gama watsa taro ne. Tamu kafar kuwa sinadarin ba ya motsa ta. Wani abin mamaki ga manoma: darɓar nan da take manne wa wake da gyaɗa, a ƙasashen sanyi matan danginta da waɗannan sinadarai biyu na katnif da matatabi suke kiran mazansu idan kaka ta yi. Abu guda, wani yana gudunsa, wani yana neman aure da shi, mage kuma tana wanka da shi.

Kada in cika ku da daɗin baki, wannan bayani yana da masu ja da shi, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Sauro yana cizon kare, yana cizon saniya da biri, me ya sa dangin mage kaɗai suka samu wannan baiwa? Idan abin yana da amfani haka, me ya sa ɗaya cikin uku ba ta da shi? Ga zakin Afirka, an gwada shi a gidajen namun daji yana birgima, alhali kakanninsa ba su taɓa ganin dutsen Japan ba. Ita kanta magen gida, asalinta kyanwar dajin Gabas ta Tsakiya da Arewacin Afirka ce, wadda har yau danginta suna nan a dazukanmu na Sahel. Damisar Asiya mai zane kuwa, a gwajin Bol, yawancinsu ko dai sun yi biris ko sun kau da kai. Saboda haka wasu masana suna ganin dace ne kawai, ƙamshin ya yi daidai da wani makulli a hancin dangin mage, korar sauron kuma riba ce da ta biyo baya. Su Miyazaki suna amsawa da cewa ku dubi yadda mage take farauta: laɓewa a cikin ciyawa, ba motsi, wani lokaci na tsawon lokaci, daidai inda sauro yake. Wadda cizo bai dame ta ba ita za ta fi daɗewa a laɓe, ita za ta ci abinci. Kuma tun da damisa da magen gida duka suna yi, alhali zuriyarsu ta rabu kimanin shekara miliyan goma da suka wuce a lissafin masana, ɗabi'ar tsohuwa ce ƙwarai.

Ni na fi karkata ga mutanen Iwate, saboda gwajin rufin kejin nan. Amma ban ce mage ta san abin da take yi ba. Ba ta zauna ta yi lissafin damina ta zo, bari in nemi magani. Daɗi take ji, daɗin ne ladan da aka ajiye mata don ta yi aikin da zai amfane ta. Kuma ba ita kaɗai ba ce. Wasu birai a Kudancin Amurka suna murza ƙadandoniya da ɓawon lemo a gashinsu. A birnin Meziko an tarar da tsuntsaye suna kwasar guntayen taba sigari suna sakawa a sheƙa, kuma sheƙar da ta fi yawan guntaye ta fi ƙarancin ƙwarin da ke shan jinin 'ya'yansu.

Maharba ma sun ci moriyar abin. A Amurka da Kanada an daɗe ana shafa man katnif a tarko don jawo manyan kyanwoyin daji. Yanzu masu ƙidayar namun daji ne suka gaji dabarar. Sukan kafa ɗan ƙyallen kafet mai ƙananan ƙusoshi a jikin bishiya, su shafa masa man, dabba ta zo ta goga kunci ta bar gashi, su kwashe su kai ɗakin gwaji su san ko wace ce, ba tare da sun kama ta ba.

Yanzu ga inda zancen ya shafe mu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Nijeriya suke, Nijar ma tana sahun gaba wajen asarar rayuka. Duk abin da aka ce yana korar sauro dole mu kasa kunne. A 2001 Chris Peterson da Joel Coats na Jami'ar Jihar Iowa suka ba da sanarwar cewa sinadarin katnif ya ninka DEET sau goma wajen korar sauro, DEET kuwa shi ne jigon yawancin man shafawar korar sauro da ake sayarwa a kemis. Jaridu suka ɗauka, har yau 'yan talla suna maimaitawa. Abin da ba sa faɗa shi ne a cikin bututun gilashi aka yi gwajin. Da aka zo shafawa a fatar mutum, sai aka ga yana saurin tashi, bai kai DEET daɗewa ba. Ana ci gaba da aiki a kansa, a Jami'ar Rutgers an fitar da irin da ya fi yawan mai, a Yuganda kuma ana gwada man shafawa da aka haɗa da shi. Mu ma ba baƙi ba ne a wannan fage. Iyayenmu a karkara suna turara ɗaki da ɗoɗɗoya da ganyen da ake kira sarakuwar sauro, duka kuwa dangin katnif ne. Sai dai ina roƙo, kada wani ya ji wannan shiri ya naɗe gidan sauronsa. Hayaƙin ganye na farkon dare ne, sauron zazzaɓi kuwa tsakar dare yake aikinsa.

Ga masu kiwon mage a birane, musamman matasan da suka shiga sayen masu dogon gashin nan na waje suna kulle su a ɗaki, ganyen yana da amfani. Magen da ba ta fita, ba ta farauta, ba ta hawa katanga, gundura tana kama ta, ta yi ƙiba ta koma yagar kujeru. Wanda ya tsare dabba kuwa haƙƙinta yana wuyansa, mun sha ji daga malamai. Ɗan tsunkule ya isa, sau ɗaya ko biyu a mako, a barbaɗa a tsumma ko a jikin katakon da kake so ta riƙa kartawa a maimakon kujera. A ajiye sauran a kwalba mai murfi nesa da rana, don ƙamshin yana gudu. Idan magunan sun fi ɗaya a raba su a karon farko, saboda akwai muzurun da abin yake sa shi faɗa. Wadda ta cinye da yawa za ta iya yin amai ko zawo, ya wuce da kansa. Tataccen mansa mai ƙarfi kuwa kada a ɗiga mata a baki ko a jiki.

Abin da ya fi muhimmanci a gidajenmu, inda yawancin maguna ba za su taɓa ganin katnif ba, shi ne a iya bambanta wannan birgima da ta guba. Magen da ta shaƙi ganye tana cikin hayyacinta, idan ka buga ƙofa za ta ɗago, tafiyarta daidai, kuma kafin ka gama shan shayi ta warware. Wadda ta taka fiya-fiya ta lashe ƙafa, ko ta ci abincin da aka sa wa guba, miyau ne zai riƙa zuba ba tsayawa, jiki yana karkarwa, numfashi sama-sama, tana tangaɗi, kuma abin gaba yake yi. Wannan sai likitan dabbobi, da gaggawa. Kada a ba ta farasitamol, ƙwaya ɗaya tana iya kashe mage. Kada a shafa mata maganin kaskar kare, da yawansu suna ɗauke da sinadarin fametirin wanda hantar mage ba ta iya sarrafawa. Idan kuma mage ta canza hali haka kawai, tana dalala tana kai cizo ba dalili, a nisance ta a hana yara zuwa kusa, domin ciwon haukan kare yana kama mage. Wanda ta ciza ko ta yakusa ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ya nufi asibiti a ranar, kada ya jira ya ga abin da hali zai yi.